Igiyar Labule da Iyakar Tawakkali

Tambayar ko mutum na da alhaki a kan mutuwar da aka riga aka rubuta tsohuwar tambaya ce a ilmin tauhidi da na fikihu, amma takan dawo sabuwa duk lokacin da wani abin amfanin gida da ba a saba da shi ba ya shigo ɗakunan mutane da haɗarin da ba su san shi ba. Ɗaya daga cikin irin waɗannan abubuwa shi ne labulen taga na zamani, wanda ake yi da faifayen roba ko na gorar ruwa ko kuma ƙyalle mai naɗewa kamar asabari, ana ɗaga shi ana sauke shi da igiya ko siririyar sarƙa da ke reto a gefen taga. Wannan igiya sau da yawa a haɗe bakinta yake, ta zama zarge, kuma idan yaron da ke tsakanin shekara ɗaya da uku ya sa kansa a ciki ya zame, nauyin jikinsa kaɗai ya isa ya shaƙe shi, domin a waɗannan shekarun kansa yana da nauyi sosai idan aka kwatanta da girman jikinsa, maƙogwaronsa bai yi ƙwari ba, kuma ba shi da dabarar kwance kansa. Abin da ya fi muni shi ne babu kuka babu ihu, ta yadda uwa za ta iya kasancewa a bakin ƙofa tana wanke-wanke ba ta ji komai ba.

Ƙasashen da suka daɗe da wannan labule sun ƙirga asararsu. Wani bincike da mujallar likitocin yara ta Pediatrics ta fitar a ƙarshen 2017 ya nuna cewa tsakanin 1990 da 2015 an kai yara 'yan ƙasa da shekara shida kusan 17,000 sashen gaggawa na asibitocin Amurka saboda raunin da ya shafi labulen taga, kuma an samu mutuwar 271. A watan Disamba na 2009 an yi kiran a gyara labule kimanin miliyan 50 a ƙasar, sannan daga Disamba 2018 aka daina sayar da labulen kanti mai igiyar da yaro zai iya kaiwa. Turai ta tsaurara ƙa'idarta a 2014, Kanada kuma a 2021 ta taƙaita tsawon igiyar da hannu zai iya kamawa zuwa santimita 22. Kayan kariyar kansu ba su da wuya: akwai ƙugiya mai kunne biyu da ake kafawa a bango can sama a naɗe igiyar a kanta, akwai maƙalin da ke ɗaure sarƙar a jikin bango ta tsaya a miƙe ba ta buɗe zarge ba, akwai kuma mahaɗin roba da ke ɓallewa da kansa idan nauyi ya hau kansa. Kowanne ɗan ƙaramin abu ne, kuma biyun farko ƙusa biyu ke riƙe su.

A Najeriya, wannan tambaya ta dace a ɗora ta a kan unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu saboda yanayin zaman da ake yi a can. Hausawa sun daɗe a waɗannan birane, sun bi hanyar jirgin ƙasa da aka shimfiɗa tsakanin ma'adinan kwal na Inugu da tashar ruwan Fatakwal a 1916, sun bi kuma kogin Kwara zuwa kasuwar Anacha da shanu da albasa da wake. Har Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun watse waɗannan unguwanni, aka sake haɗa su bayan 1970, kuma mafi yawan waɗanda suka dawo haya suke yi. Iyalin da ke zaune a Diobu ta Fatakwal, ko kusa da masallacin titin Bida a Anacha, ko a wajen Asata da Gariki a Inugu, galibi ɗaki ɗaya ne ko ciki da falo, inda dole gado ko katifa su matsu a ƙarƙashin taga domin babu wani wurin, kuma akwati ko buhun shinkafa da aka jingina a bango ya zama tsani ga mai tatata. A gidan gandu na Arewa yaro yana tashi a tsakar gida a idon kaka da kishiyar uwa da yayye, shi ya sa ake cewa ɗa na kowa ne. A ɗakin haya na kudu kuwa uwa ita kaɗai ce, miji ya fita kara ko tashar manyan motoci ko wurin canji tun asuba, ita ce mai girki, ita ce mai zuwa layin famfo. Idon da ya ragu shi ne abin da ƙaramar ƙugiyar bango take maye gurbinsa.

Idan irin wannan rashi ya auku, kalmomin da ake ji a zaman makoki sanannu ne: kwana ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, Allah ya sa mai ceto ne. Babu ɗaya daga cikinsu da ya saɓa wa aƙida, domin imani da ƙaddara, wato yarda cewa babu abin da ke faruwa sai da sanin Allah da nufinsa, yana cikin shika-shikan imani shida. Kuskuren yana shigowa ne idan aka ɗauko maganar da ta dace a faɗa bayan abu ya faru aka mayar da ita hujjar barin aiki kafin ya faru. Malaman Ash'ariyya, waɗanda tauhidinsu ne aka fi karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, sun bambanta tsakanin halittar aiki, wadda ta Allah ce, da kasabi, wato tsiwirwirin bawa da zaɓinsa wanda a kansa ake yi masa hisabi, kuma babu wanda ya san abin da aka rubuta masa kafin ya auku balle ya jingina sakacinsa da shi. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham a lokacin annobar Amwas, da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar take. Hadisai da dama sun sauko har kan ƙananan al'amuran gida, kamar umarnin kashe wuta lokacin barci, da rufe ƙorai, da tsare yara a gida idan almuru ta yi, da hanin kwana a kan soron da ba shi da katanga.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wani rabo a babin tawakkali na littafinsa Ihya wanda ya dace da wannan mas'ala ƙwarai. Ya kasa sababan kawar da cuta gida uku: wanda amfaninsa tabbatacce ne, kamar shan ruwa ga mai ƙishirwa, wanda ake kyautata zaton amfaninsa, kamar yawancin magunguna, da wanda amfaninsa tsammani ne kawai. Barin na farko, a wurinsa, ba tawakkali ba ne, haramun ne idan ana tsoron halaka. Naɗe igiya inda hannun yaro ba ya kaiwa yana cikin kashi na farko ba tare da wata jayayya ba, domin zargen da babu shi ba ya shaƙe kowa. Abin lura a nan shi ne mutane da yawa sun fi ba kashi na uku ƙarfi, za a ga yaro da laya a wuya da kambu a hannu, alhali igiya na reto a kan katifarsa, kuma zaren layar kansa abin dubawa ne ga mai rarrafe.

Fikihun Malikiyya ya fi tauhidi tsanani a wannan wuri, domin shi bai tsaya ga zunubi ba, ya shiga batun lamuni, wato wajabcin biyan abin da mutum ya ɓata ko ya zama sanadin ɓacinsa. Malamai sun raba tsakanin wanda ya yi ɓarna da hannunsa kai tsaye da wanda ya zama sanadi. Na farko yana lamuni ko da bai yi nufi ba, shi ya sa suka ce uwar da ta danne jaririnta cikin barci ya mutu ta yi kisan kuskure, akwai kaffara a kanta, wadda a yau ita ce azumin wata biyu a jere, diyya kuma tana kan aƙilarta, wato danginta na wajen uba da ke tarayya wajen biya. Na biyu ba ya lamuni sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci, kuma misalin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa shi ne mai haƙa rijiya ko ɗaure dabba a kan hanyar mutane inda bai halatta ya yi ba. Muhtasar na Shaihu Halil, wanda aka rubuta a Masar a ƙarni na 14 kuma shi ne madogarar alƙalan Arewa, ya ƙara abu biyu masu nauyi. Na ɗaya, wanda ya ga rai ko dukiya za su halaka, yana da ikon ceto ya ƙi, yana lamuni, wato bari ma aiki ne. Na biyu, katangar da ta karkata, idan an gargaɗi mai ita kuma ya sami lokacin gyara bai gyara ba, to abin da ta faɗa wa yana wuyansa.

Mas'alar katanga ita ce mabuɗin al'amarin, domin ta nuna cewa alhaki yana bin sani da iko. Katangar ita ce dai kafin gargaɗi da bayansa, abin da ya sauya shi ne mai ita ya sani. Idan aka auna igiyar labule da wannan ma'auni, sai a ga uwar da kowa ke saurin zargi ita ce mafi ƙarancin sani a cikin jerin mutanen da labulen ya bi ta hannunsu. Mai shigo da kaya daga Sin zuwa babbar kasuwar Anacha yana ganin hoton gargaɗin da ake bugawa a kwalin, mai sayarwa yana buɗe ledar da ƙugiyar da ƙusoshinta suke ciki, mai ɗaurawa kuma shi ke yanke shawarar ko zai ɓata minti biyar ya huda bango sau biyu ko ya jefa ledar cikin shara ya wuce aiki na gaba. Akwai kuma mai gidan haya da ke hana ɗan haya buga ƙusa don kada fenti ya lalace, da mai makarantar Islamiyya ko ƙaramin asibiti da ya sa irin wannan labule a ɗakin da yara ke zama. Ba lallai ne alƙali ya ɗora wa kowannensu diyya ba, domin sanadin da ya yi nisa yakan raunana, amma zunubin ɓoye aibin haja, wanda shari'a ta hana a kowane ciniki, bai buƙatar hukuncin alƙali kafin ya tabbata, kuma babu aibin da ya kai wanda ke kashe yaro.

Za a iya cewa wannan bincike rashin tausayi ne ga wadda ta riga ta rasa ɗa, kuma maganar tana da ƙarfi. Babu mai reno da zai iya tsare yaro da ido kowace daƙiƙa, shari'a kuma ba ta ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, shi ya sa sakacin da fikihu ke nufi shi ne gazawa daga abin da mutane masu hankali suka saba yi a irin wannan hali. Uwar da ba ta taɓa jin cewa igiyar taga na kisa ba, ta bar ɗanta yana barci ta fita ɗebo ruwa, ba ta saɓa wa al'adar masu hankali ba, kuma ambaton ƙaddara a gabanta gaskiya ce da jinƙai a lokaci guda. Malamai sun fahimci muhawarar Annabi Adamu da Annabi Musa da ta zo a hadisi a kan cewa ana kafa hujja da ƙaddara a kan masifar da ta riga ta wuce. Sai dai al'adar masu hankali ba a tsaye take ba. A da ana ajiye kananzir a kwalbar lemo ba wanda ya ga laifi, ana tayar da janareta a baranda a rufe ƙofa, har sai da asarar rayuka ta sa aka san illarsu, kuma wanda ya yi haka a yau ba a kallonsa kamar wanda ya yi shekaru talatin da suka wuce. Duk mutuwar da aka rufe da cewa tsautsayi ne ba tare da an faɗa wa maƙwabta yadda ta faru ba, tana jinkirta wannan sani, kuma kunyar da ke hana bayani tana kare iyali ɗaya ne a bar sauran ɗakunan gidan hayar da igiyoyinsu.

A jihohin Ribas da Anambara da Inugu babu kotunan shari'ar Musulunci irin waɗanda jihohin Arewa goma sha biyu suka faɗaɗa ikonsu daga shekarar 2000, don haka hukuncin katanga da na rijiya ba su da alƙalin da zai zartar da su a can. Abin da ake da shi shi ne fadar Sarkin Hausawa, inda ake sulhu tsakanin ɗan haya da mai gida, da limaman masallatan Juma'a, da shugabannin kasuwa, da malamai mata na Islamiyya waɗanda suka fi kowa shiga ɗakunan matan aure. A mas'alar katanga, gargaɗin da ke tabbatar da lamuni a kan mai ita ana yin sa ne a gaban shaidu, kuma a waɗannan unguwanni mimbari da fada su ne wuraren da ake faɗin magana jama'a su shaida. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON da hukumar kare masu saye ta FCCPC suna da ikon sa ƙa'ida a kan abin da ake shigo da shi ta tashar Onne da ta Legas, amma labulen da aka riga aka ɗaura a ɗakunan Diobu da na Fegge ta Anacha ya wuce hannun jami'in tasha, sai dai wanda ke shiga ɗakin ya ɗaga igiyar ya naɗe ta a ƙusa, ko ya yanke zargen gida biyu, ya janye katifar daga ƙarƙashin taga.