Hakkin Mikiya da Ungulu a Wuyanmu

Ya kai mai karatu, ko kana Sanyinna, ko Tambuwal, ko Kebbe, ka tafi wurin dattawan mahauta ka tambaye su ungulu nawa ke sauka bakin mayanka a zamanin ƙuruciyarsu. Sa'an nan ka ɗaga kai ran kasuwa ka ƙirga da kanka. Za ka iske sun ragu ƙwarai. Ga tambayar da ya kamata ka auna a zuciyarka: ko mutum yana da laifi idan ya ƙarar da halittar da kowa ke renawa?

Ka fara duban mikiya, babbar 'yar'uwar ungulu, wadda waɗansu ke kira maiki. Ita takan yi sheƙarta bisa goshin dutse mai tsawo, inda ƙafar mutum ba ta kai sai da wahala. A dā dutsen Kwatarkwashi, kusa da Gusau, ya shahara domin taron mikiya da ke ƙyanƙyasa a kansa. Amma yanzu da ƙyar a ga ko ɗaya. Ƙwai ɗaya tak takan saka, ɗanta kuwa yakan yi shekaru kafin shi ma ya haihu. Domin wannan, wanda ya kashe uwa ɗaya ya yanke zuriyar shekaru masu yawa. A shekara ta 2015 masana na duniya suka sa mikiya da ungulu cikin jerin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa sarai.

Me ke kashe su? Guba ce da farauta. Wani yakan zuba guba cikin mushe, tsuntsaye su taru su ci, su mutu gaba ɗaya, ya kwashi kawunansu ya kai kasuwa a sayar domin magani da tsafi. A ƙasar Gini Bisau a shekara ta 2020, ungulu fiye da 2,000 aka hallaka ta wannan hanya.

Watakila za ka ce, “Tsuntsuwa ce mai ƙazanta, ina ruwana?” Ka lura. Mutane sun ce ungulu ba ta jewar banza. Ƙazantar da kake gani a bakinta, taka ce ta kwashe maka, ba ta kuwa taɓa neman lada ba. A ƙasar Indiya, wani maganin shanu mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan ungulayensu. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Sai a 2006 hukuma ta hana ba dabbobi maganin. Ashe baran da aka rena shi ne ke tsaron lafiyar gari.

Kada kuma ka ce laifin na maharbi ne shi kaɗai. Gama da babu mai saye, da babu mai kashewa. Wanda ya miƙa kuɗi domin kan ungulu, hannunsa yana cikin gubar, ko da bai taɓa ganin mushen ba. Abin da ka gāda ba ka yi shi da hannunka ba, amana ce gare ka, jikokinka kuwa suna da rabo a ciki.

Har wa yau akwai hanyar gyara. A Amurka akwai wata babbar ungulu mai yin sheƙa cikin kogon dutse, ana ce da ita kwanda ta Kalifoniya. A 1987 guda 27 kaɗai suka rage. Aka kama su duka, aka yi kiwonsu da haƙuri, aka soma sakinsu a 1992, yanzu sun wuce 500. A ƙasarmu kuma ƙungiyar Nigerian Conservation Foundation ta zauna da masu maganin gargajiya, tana roƙonsu su koma ga saiwa da ganye maimakon sassan ungulu.

To, ga abin da ya rataya a kanka. Kada ka sayi kai ko gashi ko ƙwan waɗannan tsuntsaye. Kada ka sa guba cikin mushe, ko da kura ko kare ya ɓata maka dabba. Ka kwaɓi yaro mai jifarsu. Ka faɗa wa maƙwabcinka da tattausan harshe abin da ka karanta nan, gama mutane da yawa suna yin ɓarnar nan cikin rashin sani ne.