Tsintuwar Cikin Rami, Ta Wane Ce?

A ce lebura yana haƙar hanya a Mahuta, kudu da kogin Kaduna, sai digarsa ta faɗa wani tsohon rami mai gawayi da tsingaro da kan mutum-mutumin yumɓu. To, abin nan na wane ne?

Shari'a ba ta bar tsintuwa ba hukunci. Wanda ya tsinci kaya, sai ya yi cigiya shekara guda. Dukiyar da mutanen jahiliyya suka binne kuwa, wadda malamai ke kira rikazi, a fitar da humusinta. Amma wannan hukuncin dukiya ne, alhali kuwa abin da ya fi daraja cikin irin ramin nan labari ne, ba ya rabuwa biyar.

Ga misali a ƙasar Nok, nan kudancin Kaduna. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono irin kawunan nan. Wani da aka samu wajen Jama'a har shekara ya yi a gonar doya yana tsorata dabbobi, kafin ya kai hannun wani Bature, Bernard Fagg, a Jos. Kowa ya ga gwaninta, amma yaya masu yinsu suka zauna? Kan ba ya magana.

Daga 2005 masana na Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka shiga haƙa a wajen Janjala, ƙasar Kagarko, sannu sannu, suna rubuta inda kome ke kwance. Suka tarar an farfasa siffofin an zuba su cikin ramummuka. Suka sami ƙonannen gero, wanda awonsa ya nuna mutanen suna noma tun kamar shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. Ƙwayar geron da mai tonon sata zai watsar da shebur, ita ce ta ba da shaida. Rami kuwa in an birkice shi, har abada ba mai mayar da shi yadda yake.

Lalle lebura yana da uzuri. Ladansa na yini ne, ɗan kwangila ba ya son aiki ya tsaya, dillali kuma ga shi da kuɗi a hannu. Duk da haka, wanda ya sayar ya sayar da abin da yake na jikokin kowa ne. Cigiyar irin wannan tsintuwa ita ce a bar ramin yadda yake, a gaya wa mai unguwa, shi kuma ya aika gidan tarihi da ke titin Ali Akilu.