Yawon La'asar a Lungunan Kano: Ɓata Lokaci Ne?

Akwai masu ganin cewa duk wanda ya fita da ƙafa bayan la'asar, ba kasuwa za shi ba, ba ta'aziyya ba, yawon banza yake yi. Ban yarda da su ba. Lungunan cikin birnin Kano, daga kasuwar Kurmi da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15 har zuwa marinar Ƙofar Mata, masu tafiya a ƙasa ne suka shata su, kuma da yawansu mota ba ta iya kutsawa. Mai ratsa su dole ya yi wa dattawan ƙofar zaure sallama, ya ga kwatar da ta toshe, ya ji cewa wane yana kwance ba lafiya. Musulunci ya tsananta haƙƙin maƙwabci, amma yaya mutum zai sauke haƙƙin wanda bai san halin da yake ciki ba? Gilashin mota kuwa wannan halin yake ɓoyewa.

Za a ce hanya cike take da fitina, ga gulma ga kallon haram. Gaskiya ne, Annabi (SAW) ma ya gargaɗi sahabbai kan zaman bakin hanya. Sai dai da suka ce ba su da makawa, bai kore su ba. Sharuɗɗa ya gindaya musu, kamar yadda Bukhari ya ruwaito: runtse ido, kamewa daga cutarwa, amsa sallama, umarni da alheri da hana mummuna. Yawancin waɗannan ba sa yiwuwa ga wanda ya kulle kansa a ɗaki.