Wa Ke da Ikon Cewa Ɗan Wasa Ya Huta?

A watan Nuwamban 2012, Gregg Popovich, kocin San Antonio Spurs, ya sallami Tim Duncan da Tony Parker da Manu Ginobili da Danny Green su je gida su huta, ana gab da karawa da Miami Heat. Shugaban NBA, David Stern, ya ci tarar kulob ɗin dala 250,000. A 2023 kuma aka kafa doka: wanda bai buga wasa 65 cikin 82 ba, babu shi a manyan kyaututtuka.

Hukumar tana da hujja. Wanda ya sayi tikiti don ya ga tauraro, ya tarar da shi zaune a benci, an tauye masa haƙƙi.

Duk da haka, ni ina bayan koci. Mu a Gadarif mun san manomi ne ke gane gonar riɗin da ta gaji. Dillalin da ke jiran buhu a kasuwa lissafinsa daban. Koci da likitan kulob su ke ganin gwiwar da ta kumbura, kuma in ta lalace, ba shugaban hukuma zai yi ɗingishi har tsufa ba.

Aikin hukuma biyu ne: ta tilasta wa kulob ya sanar da 'yan kallo da wuri, sannan ta rage yawan wasanni idan gajiya ta yi yawa. Mai tikiti kuɗinsa ya yi asara, ana iya mayar masa. Jikin ɗan wasa amana ce, kuma wanda ya fi kusa da amana shi za a fara tambaya.