Kunya da Neman Sani a Ciwon da Ke Ɓoye a Dubura

Daga cikin mas'alolin da malaman fiƙihu suka daɗe da warwarewa amma jama'a ba su daina tuntuɓe da su ba akwai ta buɗe al'aura a gaban likita, kuma babu inda nauyinta ya fi fitowa kamar a ciwon dubura. A ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi da Matankari har Tibiri, wanda ya ga jini a bayan gida ko ya ji tsiro yakan yanke wa kansa hukunci cewa basir ne ko ɗankanoma, ya nufi mai tallar saiwoyi da lasifika ranar kasuwa, wanda zai ƙulla masa gari a leda ba tare da ya ce ya kwance zariyar wando ba. Galibi hasashen yakan yi daidai, kuma wannan dacewar ce take ɓoye cututtukan da suka ari kamannin basir.

Ɗaya daga cikinsu ita ce melanoma ta dubura, wato sankarar da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launi, waɗanda akwai su har a fatar cikin dubura inda rana ba ta kaiwa, don haka baƙar fata ba ta zama kariya daga gare ta ba. Ba ta wuce kimanin kashi 1 cikin 100 na dukan melanoma ba, sai dai tana saurin bazuwa zuwa hanta da huhu, kuma waɗanda ke kai shekara 5 bayan gano ta ba su cika wuce 1 cikin 5 ba. Wani kaso nata ba ya ma ɗauke da baƙin launin da aka san ta da shi, saboda haka ido kaɗai ba ya isa, sai an yanko ɗan nama an rina shi an duba da madubin ƙara girma, aikin da kan kai mutumin Dogon Dutsi Yamai, tafiyar kimanin kilomita 270, inda cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa ta fara gashi da haske a 2021.

Ta fuskar shari'a maganar ba ta da duhu. Ƙa'idar da malamai suka haɗu a kanta ita ce lalura tana halatta abin da aka hana, gwargwadon lalurar, don haka likita zai duba wurin ciwo kaɗai, a fifita mace ga mace da namiji ga namiji in an samu, in ba a samu ba a duba tare da miji ko muharrami. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Jidda a 1992, ta ƙara da cewa neman magani yakan zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka. Kunya reshe ce ta imani, amma abar yabon ita ce mai hana mutum saɓo, kuma dattijon da ya gwammace ya yi shekara yana zubar da jini da likita sa'an ɗan cikinsa ya duba shi da yatsa cikin safar hannu ya kare girmansa ne da jikin da aka ba shi amana.

Tambayar da ta fi wuya ita ce amfanin sanin ciwon da sau da yawa ba a warkewa daga gare shi, domin akwai masu ganin tawakkali ya fi a sayar da gero da bisashe a sayo labarin baƙin ciki. Hujjar tana da nauyi, ga wanda ya san abin da jinya a Yamai ke ci, amma ta ɗauki sakamakon bincike tun kafin a yi shi, alhali mafi yawan waɗanda za a duba za su koma gida da tabbacin cewa basir ne, wasu kuma za a tarar da sankarar hanji wadda ake cin ƙarfinta in an kama ta da wuri. Ko wanda aka samu da melanoma ya sami damar biyan bashi da yin wasiyya da neman yafiya cikin hayyacinsa. Ba baƙon abu ba ne ma ga Arawa su ɗauki tafiya don a bayyana musu abin da ya ɓuya, tunda tun kafin asibiti ana zuwa Lugu, garin Sarauniya, a tambayi dutsen Tunguma.

Saura fargabar tiyatar da kan cire dubura a buɗe wa bayan gida kafa a ciki a manna leda, wadda masallata ke ƙi don tsoron rasa tsarki. Likitoci kan wadatu da yanke ƙarin da kewayensa idan hakan zai yiwu, kuma ko an kai ga ledar, malamin fiƙihu Halil ya tattauna hukuncin kafar da ta buɗe ƙarƙashin tumbi a Muhtasar ɗinsa tun ƙarni na 14, sannan a mazhabar Malikiyya abin da ke fita ba da ikon mutum ba, wanda ake kira salas, ba ya karya alwala idan ya lazimce shi rabin lokaci ko fiye.