Bashin da ke wuyan ɗalibin muhalli

A hutun da ya gabata wani tsohon ɗalibina ya yi mini sallama, riƙe da takardu. Na koyar da shi Faransanci a lise. Yau yana shekara ta biyu ta digirin mastar a fannin kula da muhalli a Yamai. Bayan mun gaisa ya ce: "Malam, tambayoyin bincikena ne. Da Faransanci na rubuta su, amma da Hausa zan yi su. Ka taimake ni da fassara." Binciken nasa a kan itatuwan gona ne, a wasu ƙauyuka na yankin Agye, gabas da Maraɗi.

Tun a tambayar farko muka cije. Kalmar muhalli ta zauna a rediyo da takarda, amma tsohon manomi gona ya sani, da daji, da fadama, da burtali, kowanne da hukuncinsa. Muka yi ta sassaƙa jimloli har magariba. Da muka gama sai na yi masa tawa tambayar: "In ka kammala, da wane harshe za ka mayar musu da amsa?" Ya yi shiru. Shirun nan ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin a ƙarƙashinsa akwai tambayar da ta shafi ɗabi'a: sanin da ɗalibi ke karɓowa daga bakin manoma, kyauta ne ko bashi?

Bari mu fara duban yadda karatun yake. A shekarar farko ɗalibi yana aji, yana koyon ilimin ƙasa da tsirrai, da ƙididdiga, da zanen taswira a kwamfuta, da dokokin filaye irin kundin dokar karkara na 1993. A shekara ta biyu sai ya fita ƙauye na wasu watanni. Kuɗinsa kaɗan ne, don haka a zauren maigari yake sauka. Ana kawo masa fura da rana, tuwo da dare, a haɗa shi da yaron da zai nuna masa iyakokin gonaki. Yana auna kaurin itace, yana ƙirga su, yana tsayar da magidanci sa'a guda da tambayoyi alhali aikin gona na jiransa. Daga nan ya koma birni ya rubuta kundi, ya kare shi a gaban malamai, a tafa masa, a ajiye kundin a ɗakin karatu. Mutanen da suka cika shafukan da saninsu galibi ba za su sake jin labarinsa ba. Baɗi wani ɗalibin zai zo da tambayoyi masu kama da na bara.

A wasu fannoni ana iya cewa wannan ƙaramin laifi ne. A fannin muhalli kuwa, tarihin ƙasarmu ya ƙara masa nauyi. Bayan farin 1973 da na 1984, hukuma da ƙungiyoyin agaji sun zuba dukiya wajen dashen itatuwa, har aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a Maraɗi a 1984. Da yawa daga cikin dashen bai rayu ba. Abin da ya rayu daga cikin gona ya fito. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a jihar Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sassabewa kowace bazara toho ne na kututturan da saiwarsu ke da rai. In manomi ya zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi ya bari, ya datse saura, cikin ƴan shekaru sai su zama itace. Manoma suka karɓi dabarar, suka gyara ta daidai da gonakinsu, suka raɗa mata suna sassabin zamani, ta bi kasuwa da zumunci daga gari zuwa gari. Tushenta ma ba baƙo ba ne. Kakanninmu sun san gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa hatsi rana, kuma gero ya fi kyau a gindinsa. A Damagaram har yau ana ba da labarin tsananin da Sarki Tanimun ya yi kan saran gawo a ƙarni na 19. Ashe mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, kada mai karatu ya ɗauka ina raina boko. Manomi ya san gonarsa da ta maƙwabcinsa, amma ba ya iya hango ƙasa baki ɗaya. Sai da masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou suka gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan'adam, a shekarun 2000, sannan aka kiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Wannan adadi ya sa duniya ta waiwayo, kuma a 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa kan itacen da ya raina a gonarsa. Awo da ƙirga suna da amfani, kuma ɗalibina na da gaskiya in ya yi alfahari da su. Sai dai wanda ya ƙirga itacen ya samu digiri da aiki, wanda ya raine shi kuma wataƙila bai ma ji cewa doka ta canza ba.

Wani zai ce ɗalibi talaka ne, jami'a da Faransanci take karɓar kundi, kuma gyaran wannan tsari ya fi ƙarfinsa. Haka ne, kuma wani kaso na nauyin yana kan malamai da masu ba da kuɗin bincike. Amma bashi hanji ne, yana cikin kowa, talauci kuma ba ya goge shi. Abin da yake yi shi ne ya ƙayyade yadda za a biya. A ganina biyan yana da fuska uku, kuma babu wadda ke buƙatar dukiya.

Ta farko ita ce gaskiya. Ɗalibin da wata ƙungiya ta saya wa man babur zai ji sha'awar rubuta abin da ƙungiyar ke son ji. In manoma sun ce masa ɓarayin itace na sare musu gawo da dare, ko mata sun ce ba su da ta cewa kan itacen gonar miji, to ya rubuta haka. Wanda ya murɗe maganar mai masaukinsa ya ci amana sau biyu. Ta biyu ita ce ambato. In dabara ta mutanen wani gari ce, a faɗi garin, kada a lulluɓe ta da kalmar "al'ummar karkara" kamar sani ba shi da iyaye. Ta uku, wadda ta fi kusa da aikina, ita ce mayarwa. Kundi mai shafi 80 yana iya taƙaituwa a shafi 2 na Hausa mai sauƙi, a karanta a ƙofar maigari ko a gidan rediyon karkara, a bar mutane su ce nan ka yi daidai, nan ka kuskure. Wannan ma jarrabawa ce, kuma wanda bai iya bayyana bincikensa da harshen uwarsa ba, ya kamata ya tambayi kansa ko ya fahimce shi.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ɗalibina ya sha furar mutanen nan wata uku. Kafin ya tafi mun yi alƙawari: in ya kare kundinsa zai dawo da shi, mu zauna mu fitar da shafi biyun nan, shi kuma ya hau mota ya koma Agye. Na riga na gaya masa fassarar amsa za ta fi ta tambaya wuya. Allah Ya ba mu ikon cikawa.