Da Me Za a Auna Saurayi Bayan Gona Ta Tafi?

A watan Fabrairu na 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar da ta ware ƙasar Babban Birnin Tarayya, a ranar 12 ga Disamba 1991 kuma fadar gwamnati ta taso daga Legas zuwa Abuja. Wannan ƙasa tana da masu ita. Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, suna zaune a cikinta tun kaka da kakanni, tare da Gade, Koro, Gwandara da wasu kabilu. An kwashe mutanen Wuse zuwa Sabon Wuse a Jihar Neja, na Maitama da Kukwaba kuwa aka kai su Kubwa. An ba su gidajen bulo masu rufin kwano, amma ba a iya ɗora gona a mota.

Har yau a bayan gari akan ga matan Gbagyi ɗauke da itace ko doya a kafaɗa, gama a wurinsu kai yana da darajar da ta fi ƙarfin ɗaukar kaya. Samari da yawa kuwa sun ajiye fartanya, sun koma gadi, acaɓa, ko leburanci a gine-ginen da aka kafa bisa gonakin iyayensu. Wannan canji ya taɓa aure fiye da kome.

A dā, saurayin da ke neman aure yakan yi wa mahaifin yarinya noma damina bayan damina, dattawa sukan ce har shekara bakwai. Yakan gayyato abokansa su yi huɗa da girbi, ya kuma kai dammunan dawa gidan surukai. Mai kallo daga nesa zai ce sayen mace ne da gumi. Amma cikin waɗannan shekaru uba yana ganin ko yaron yana sammako, ko yana da haƙuri in fari ya zo, ko yana da abokan da za su amsa kiransa. Ita ma yarinyar tana da ido. Rago ba ya iya ɓoye halinsa a kan kunya har damina bakwai.

Ba a ce tsarin ba shi da aibi ba. Littafin Farawa sura 29 ya nuna yadda Laban ya mori aikin Yakubu, ya ruɗe shi, ya ƙara masa wasu shekaru bakwai. Suruki mai haɗama ba sabon abu ba ne.

Yanzu da gona ta ƙare ko ta yi nisa, gidaje da dama sun mai da aikin kuɗi, da doguwar takardar kayan da za a kawo: atamfa, akwati, abin sha, hayar rumfa da kujeru. Kuɗi yana shaida abin da mutum ya mallaka a ranar biki kaɗai, mai yiwuwa ma rance ne. Akwai kuma rashin adalci a ciki, domin ana auna ɗan da aka raba da ƙasarsa da farashin birnin da ya cinye ta. Shi ya sa wasu samari ke jinkiri har su wuce shekara talatin, wasu kuma su zauna da mace ba ɗaurin aure, sai daga baya dattawan ikkilisiya su kira su horo, ba tare da an tambayi wanda ya rubuta takardar ba.

Abin da noma ke ba iyaye shi ne lokaci da shaida, kuma ana iya samun su ko babu gona. Uba yana iya rage takardar, ya tsawaita sani: ya bincika yadda yaron ke riƙon mahaifiyarsa, ko yana biyan bashi, ya kira shi su gyara katangar da ruwa ya rusa, ya ga ko zai dawo washegari a ƙarasa.